Sara Don Tsoro: Yadda Ake Saba wa Ɗan Macijin Masara da Hannun Mutum

A watan Agustan kowace shekara, masu kiwon macizai da ƙadangaru da kunkuru na taruwa a Daytona Beach da ke jihar Folorida ta Amurka domin babbar kasuwarsu ta baje koli. A kan tebura za ka tarar da 'yan robobi masu murfi an jera su reras, an huhhuda musu ƙofofin iska, kowace da ɗan maciji a kanannaɗe a ciki. Wannan ja ne, wancan ruwan lemo, ga fari mai jajayen idanu, ga mai ruwan toka. Da yawansu 'ya'yan macijin masara ne da ba su daɗe da fitowa daga ƙwai ba, don lokacin ya zo daidai da kakar ƙyanƙyasarsu. Mutum zai biya kuɗi, ya ɗauki robarsa, ya kama hanyar gida da murna, tunda an gaya masa duk cikin macizan da ake kiwo da wuya a sami mai sanyin hali kamar macijin masara.

Ba a yi masa ƙarya ba, sai dai wannan sanyin halin na babba ne. Ranar da ya buɗe akwati ya miƙa hannu, sai ɗan abin nan siriri da bai kai giram 10 ba ya ja wuyansa baya ya lanƙwasa shi, ya ɗaga kai, ƙarshen wutsiyarsa na karkarwa yana bugun takardar da aka shimfiɗa masa, kafin ka ce kwabo ya kawo sara. In an yi ƙarfin hali an ɗaga shi, sai ya yi ta mutsu-mutsu, ya fesa wa hannu wani ruwa mai ɗoyi daga gindin wutsiyarsa, ya yi ta neman hanyar sulalewa. A nan ne sabon mai kiwo ke yanke hukunci cewa an sayar masa da mugu. Wasu su rufe akwatin, ba za su sake sa hannu ba sai don jefa abinci. Wasu kuma su ce ai sai ya saba ko da tsiya, su riƙa fito da shi safe da yamma. Duka biyun sun yi wa dabbar mummunar fahimta, kuma ita ce ke ɗanɗana kuɗarta.

Wane irin maciji ne

Masana na kiransa Pantherophis guttatus. Carl Linnaeus ne ya fara rubuta bayaninsa a 1766. Gidansa kudu maso gabashin Amurka ne, tun daga kudancin jihar Niyu Jasi har zuwa tsibiran ƙarshen Folorida, ya yi yamma zuwa Luwiziyana. Yana zama a dazuzzukan da ba su cika duhu ba, da gonaki, da kangaye, da kewayen rumbuna inda ɓeraye ke taruwa. Ba shi da dafi ko kaɗan. In ya kama ɓera sai ya nannaɗe shi ya matse har ya mutu, sannan ya haɗiye. Babba kan kai tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wasu su ɗan zarce. Mace na saka ƙwai 10 zuwa 30, su ƙyanƙyashe bayan kamar wata biyu, kuma ba ta tsayawa a kansu. A daji da wuya ya wuce shekara 6 zuwa 8, amma a hannun mai kula yana haura 20. Duk da amfanin da yake yi wa manoma, mutane kan kashe shi saboda launinsa na kama da na wani maciji mai dafi na yankin, mai kai ruwan tagulla.

Shigarsa gidaje ta yi ƙarfi ne bayan da wani likitan fata, H. Bernard Bechtel, ya yi nasarar ƙyanƙyashe irin da ba shi da baƙin launi a jikinsa a 1961. Daga nan masu kiwo suka shiga haɗa iri da iri, har yau ana da launuka ɗaruruwa. Kusan duk wanda ake sayarwa a kasuwa yanzu haifaffen gida ne, iyaye da kakanni. Dokoki kuwa sun bambanta: jihar Jojiya, inda yake rayuwa a dajinta, ta hana ajiye shi a gida ba tare da izini ba, Ostareliya kuma ta hana shigo da shi gaba ɗaya don gudun kada ya kuɓuce ya yaɗu.

Dole in tsaya a nan in yi magana da mai karatu na gida. Mutumin Kaltungo a jihar Gombe, inda asibitin masu saran maciji ke cika a lokacin noma da girbi, yana da hujjar jin wannan labari wani iri. Kububuwa da kasa da gamsheƙa ba abokan wasa ba ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara a faɗin duniya. Duk abin da za a faɗa a nan game da maciji ɗaya ne marar dafi, ɗan wata nahiya, wanda aka ƙyanƙyashe a gida aka kuma san asalinsa. Ɗan kububuwa na fitowa da dafinsa tun ranar farko, kuma babu yawan lallashin da zai rage masa shi. Kada wani ya ga ɗan maciji a gona ya ce bari ya gwada.

Abin da yake gani idan hannu ya sauko

Ɗan macijin masara na fitowa daga ƙwai da tsawon santimita 25 zuwa 35, ba uwa ba uba, kuma kusan duk abin da ya fi shi girma na iya cinye shi: shaho, mujiya, kyanwa, manyan macizai, har da wasu manyan kwaɗi. Mafi yawan wannan ajali daga sama yake zuwa. Inuwa ta gifta, wani abu ya sauko, a damƙe shi a tsakiyar jiki. Yanzu ka duba abin da sabon mai kiwo ke yi: ya ɗaga murfi daga sama, inuwarsa ta rufe akwatin, ya buɗe yatsu ya sauko da hannu, ya kama tsakiyar jiki. Ya maimaita harin shaho daki-daki ba tare da ya sani ba.

Ba wanda ya koya wa ɗan macijin wannan tsoro. A shekarun 1980, masu bincike biyu na Amurka, Harold Herzog da Gordon Burghardt, sun yi nazari a kan jariran wasu ƙananan macizai masu ratsi na jinsin Thamnophis, suka ga cewa tun suna sababbin haihuwa suna kai sara ga abin da ya yi musu barazana. Sun kuma ga cewa zafin ran ya bambanta daga wannan zuwa wancan, da kuma daga 'ya'yan wannan uwa zuwa na waccan, kuma bambancin na dawwama har su ɗan tasa. Masu kiwon macijin masara sun san haka a aikace. A ƙyanƙyasa ɗaya za ka sami wanda tun ranar farko yake kwanciya lumus a tafin hannu, ka sami ɗan'uwansa da ko gilashi ka wuce sai ya kai masa sara.

Yana da kyau a san yadda duniya ke isa gare shi. Ba shi da fatar ido, don haka ba ya ƙiftawa, kuma motsi ya fi gani fiye da siffa. Ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgiza ta ƙasa da ƙashin muƙamuƙinsa, shi ya sa akwatin da aka ajiye kusa da lasifika ko ƙofar da ake yawan bugawa ba ya barinsa ya huta. Babbar hanyarsa ita ce harshe. Yana fito da shi ya ɗebo ƙamshi daga iska, ya mayar da shi ga wata gaɓa da ke rufin bakinsa wadda ke tantance mene ne a gabansa. Mai lura zai iya karanta halin da yake ciki daga harshen nan kaɗai. In yana fitar da shi a kai a kai cikin natsuwa yana tafiya a hankali, bincike yake yi. In ya sandare, jiki ya yi tauri, numfashi ya yi sauri har ana ganin haƙarƙari na ɗagawa, ya shiga tsoro.

Aikin da ake yi kafin a taɓa shi

Ƙwararrun masu kiwo, irin su Kathy Love da Bill Love da littafinsu kan wannan maciji ya daɗe a hannun masu sha'awa, sun fi ba da ƙarfi a kan muhalli da abinci, kuma ina ganin a nan ne rabin horon yake. Macijin da ba shi da wurin ɓuya a firgice yake kwana, a firgice yake tashi. Ana so a ba shi maɓoya aƙalla biyu, ɗaya a gefen ɗumi inda zafi ke tsakanin digiri 28 zuwa 30, ɗaya a gefen sanyi mai digiri 21 zuwa 24, don kada ya zaɓa tsakanin ɗumama jiki da tsira da rai. Maɓoyar ta zama matsattsiya, wadda in ya shiga jikinsa zai taɓa bango ta ko'ina. Tsakanin biyun a cika da rassa da ganyaye da ɓawon itace yadda zai iya ratsa akwatin ba tare da ya fito fili ba. Murfi kuma ya rufu gam, don ƙaramar kafa ta ishe shi ficewa.

Sai kuma haƙuri. Sabon zuwa ana barinsa mako ɗaya ko biyu ba a taɓa shi, ruwa kawai ake canza masa. Ana ba shi jaririn ɓera da aka daskarar aka narkar, duk bayan kwana 5 zuwa 7, kuma da yawa daga masu kiwo ba sa fara ɗaukarsa sai ya ci sau biyu ko uku a jere ba tare da gardama ba. Dalilin a bayyane yake: ɗan macijin da ya tsorata ƙwarai yakan daina cin abinci, kuma wanda bai kai giram 10 ba ba shi da kitsen da zai jure doguwar yunwa. Cin abinci ya fi sabo da hannu muhimmanci nesa ba kusa ba.

Akwai lokuta biyu da ko bayan ya saba ba a ɗaukarsa. Na farko awa 48 bayan ya ci. Macijin da aka tsorata da cikakken ciki yakan amayar da abin da ya haɗiya don ya sami saurin gudu, kuma aman nan na yi masa illa sosai, har sai an jira kwana 10 zuwa 14 kafin a sake ba shi wani abu. Na biyu lokacin saɓa. Ƙarami na yin saɓa kusan duk wata ɗaya ko wata da rabi. Launinsa zai dusashe, idanunsa su yi hazo su koma shuɗi-shuɗi, ganinsa ya ragu na 'yan kwanaki. Maciji mafi sanyin hali ma kan kai sara a wannan hali, don bai ga abin da ke tunkararsa ba.

Ɗauka

A wanke hannu da sabulu kafin a fara, musamman in an taɓa ɓera, don kada ya ɗauki yatsa a matsayin abinci. A zauna a ƙasa ko a kan gado a ɗakin da aka rufe ƙofa, ba kyanwa ba kare, saboda ƙarami na iya zillewa ya faɗo. Da yamma ya fi, lokacin da shi ma ya farka yana yawo.

Abin da ya fi wahalar da sababbi shi ne jinkiri. Mutum zai tsayar da hannu a saman kan macijin yana kai-komo, ya matso ya ja da baya, yana tara ƙarfin zuciya. Kowace daƙiƙa ta wannan shawagi ƙara wa dabbar tsoro take yi, kuma ita ke jawo saran. Hannu ya shigo ta gefe, ƙasa-ƙasa, a miƙe ba a buɗe yatsu ba, ya zura a ƙarƙashin tsakiyar jiki ya ɗago gaba ɗaya a motsi guda, ba gaggawa ba tsayawa. Ba a kama kai, ba a kama wuya, ba a jan wutsiya. Wasu kan yi amfani da 'yar ƙugiya ta ƙarfe marar kaifi su fara shafa masa jiki, sannan su ɗago shi da ita su ɗora a hannu. Abin mamaki shi ne da yawa daga masu zafin nan, da zarar sun bar akwatin, sai faɗan ya ƙare, gudu ya rage.

Shi ma gudun ba a tare shi da matsi. Ana barin macijin ya bi ta tsakanin yatsu, in kansa ya wuce wannan hannu a sa ɗayan a gabansa, in ya wuce wancan a dawo da na farko, haka nan yana tafiya amma bai je ko'ina ba. Da farko tafiyar fizga ce, wutsiya na bulala. Bayan minti biyu ko uku sai ka ji taurin jikin ya fara saki, saurin ya ragu, harshen ya dawo fita a hankali yana taɓa fatar hannu, wani lokaci ya naɗe wutsiya a yatsa don ya riƙe kansa. Wannan lokacin ake jira. A nan ake mayar da shi, a sauke hannu har ƙasan akwati kusa da bakin maɓoya a bar shi ya sauka da kansa. Minti biyar ya isa a farko, sau biyu ko uku a mako, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har zuwa minti 10 ko 15. Fiye da haka jikinsa na iya yin sanyi ko ya gaji.

To in ya sara fa? Haƙoran ƙaramin macijin masara ƙanana ne ƙwarai, saransa bai fi sukar ƙarangiya ba, sau da yawa ko jini ba ya fitowa. Haɗarin ma a kan macijin yake: wanda ya razana ya fizge hannu zai iya karya masa haƙori ko ya wurga shi ƙasa. Shawarar da masu kiwo suka fi bayarwa ita ce kada a mayar da shi nan take bayan sara ko fesa ɗoyi, a ɗan jira ya lafa tukuna, don kada ya koyi cewa sara ne ke kuɓutar da shi. Wanda ya san zai zabura ya sa safar hannu mai laushi na 'yan makonnin farko, babu abin kunya a ciki. Duka ko ɗalla masa yatsa a kai kuwa ba ya koya masa komai sai tabbatar masa cewa tsoron da yake ji gaskiya ne. Bayan an gama a sake wanke hannu, domin macizai kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a jikinsu ba tare da sun yi ciwo ba. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa taɓa su.

Me yake koya

An daɗe ana ɗaukar maciji a matsayin dabbar da ba ta da ƙwaƙwalwar koyo. A 1999, David Holtzman na Jami'ar Rochester da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji da suka yi da 'ya'yan macijin masara. Sun sa su a wani faffaɗan baho mai haske, mai ramuka takwas, ɗaya kaɗai ke kaiwa ga maɓoya. Cikin 'yan kwanaki macizan suka riƙa gano ramin da sauri fiye da farko. A 2021 kuma masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila suka ba da rahoton cewa macijin masara na iya bambanta ƙamshin mutumin da ya saba ɗaukarsa da na baƙo, amma waɗanda suka nuna wannan bambanci su ne waɗanda aka ajiye a akwati mai wadatar wuraren hawa da ɓuya. Wannan sakamako ya burge ni, don ya haɗa abubuwa biyun da mutane kan raba: gidan da ka ba shi yana da hannu a yadda zai san ka.

Amma kada a kai abin inda bai kai ba. Sabo ne yake samuwa. Abu ya faru sau da yawa, ba a cinye shi ba, sai jikinsa ya daina ɗaukarsa a matsayin hari. Maciji ba ya kewar mai shi, ba ya neman shafa, kuma in ya kwanta a wuyan mutum ɗumi ya ji. Wanda ke neman dabbar da za ta tarbe shi a ƙofa ya nemi wata.

A kan wannan ne ake da saɓani na gaske. Masanin dabbobi masu jan ciki ɗan Birtaniya, Clifford Warwick, ya daɗe yana sukar yadda ake ajiye macizai a ƙananan akwatuna, yana kuma jan hankali cewa alamun damuwa a jikinsu kan wuce masu su ba su gane ba. Ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA a Ingila ma na cewa akwati ya zama mai tsawon da maciji zai miƙe sosai a ciki. Akwai masu ganin cewa macijin da aka riƙe har ya yi shiru ba lallai ne ya natsu ba, wataƙila ya dai fid da rai ne. Daga wannan tunani aka sami wata hanya da ke ƙara karɓuwa, ta barin macijin ya zaɓa da kansa. A buɗe ƙofar akwati ta gefe, a ajiye hannu a bakinta ba motsi, a jira. Yau ya leƙo ya koma. Wani makon ya ɗanɗana yatsa da harshe. Wata rana ya hau da kansa. Hanyar na cin lokaci, kuma ba kowa ke da wannan juriya ba.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare na da abin da ya riƙe na gaskiya. Ba zai yiwu a ce ba za a taɓa shi sam ba: dole a share akwati, a auna nauyinsa, a duba ko saɓa ta maƙale a ido ko a ƙarshen wutsiya inda takan shaƙe jini, a kai shi wurin likitan dabbobi in ya yi ciwo. Macijin da bai san hannu ba, kowanne daga cikin waɗannan tashin hankali ne a gare shi, na tsawon shekara 20. Don haka saba masa da hannu tun yana ƙarami alheri ne a gare shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mayar da shi abin nuna wa baƙi, ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu don a ɗauki hoto, ko a ci gaba da ɗaukarsa alhali ya ƙi cin abinci. In ya ƙi ci sau biyu a jere, a dakatar da ɗauka, a koma a duba zafi da maɓoya.

Mafi yawansu kan lafa cikin 'yan makonni ko watanni, kuma girma kansa na taimakawa, don macijin da ya kai rabin mita ya wuce ba shi da masu farautarsa da yawa kamar na ranar ƙyanƙyasa. Akwai kuma 'yan tsiraru da ko sun girma ba sa son hannu. Za su daina sara, amma kullum aka ɗaga su hankalinsu na kan hanyar komawa. Irin waɗannan ana rage ɗaukarsu zuwa abin da lafiyarsu ke buƙata, a faɗaɗa musu akwati, a ƙara rassa, a kalle su ta gilashi da yamma lokacin da suke fitowa yawo.